Shekara uku ana kirana Dakta

Na daɗe ina ɗaga wannan rubutu. Duk lokacin da na ɗauki waya zan fara, sai in tuna akwai matan da har gobe sunana a wayarsu "Dakta" ne, sai jikina ya yi sanyi in ajiye. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da waɗanda suka sayar mini da takardar digirin da ta ba ni wannan suna. Su hajarsu suka kasa, ni kuwa da ƙafata na kai musu kuɗina.

A cikin birnin Sakkwato aka haife ni, wajen Rijiyar Ɗorowa. Mahaifina baduku ne, da ɗinkin jaka da tumtum na fatar jar akuya ya ciyar da mu. A ɗakin kakata ta wajen uwa na tashi, ita kuma cikin 'yan taru ta girma, wato matan da ke bin tsarin karatun Nana Asma'u. Da dare takan ba mu labarin yadda Nana Asma'u ke zaunar da mace ta karantar da ita, sai ta gamsu da karatunta da halinta sannan ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ta tura ta ƙauyuka ta koyar da 'yan uwanta mata. Kaka takan ce, "Malfa ko kasuwa akwai ta, amma ta jaji aza mata anka yi." Na ji wannan magana ya fi sau ɗari ina yarinya.

Na yi NCE, na samu koyarwa a firamare, aka yi mini aure a 2007. A 2016 auren ya mutu, na dawo gida da 'ya'ya biyu. Cikin maganganun da aka yaɓa mini ranar da aka ba ni takardata, ɗaya ce ta zauna mini a ƙahon zuciya: wai me na sani, ni da ko digiri ban yi ba. Sauran duk na manta su, wannan kuwa ta bi ni shekaru.

Zawarci ne ya kai ni Facebook. Na fara rubuta abin da ke cina, yadda bazawara ke zama baƙuwa a gidan ubanta, yadda ƙawaye ke janye jiki don kada ki gaisa da mazansu. Mata suka fara turo mini saƙo a ɓoye. Wata kishiya ta hana ta sakat, wata uwar miji, wata shekara goma ba haihuwa. Na buɗe zaure a WhatsApp, ya cika, na buɗe na biyu. In na waiwaya, wannan ne lokacin da aikina ya fi tsafta. Sauraro nake yi, in faɗi abin da ya same ni, in ba da haƙuri. Abin da ya fi ƙarfina kuwa sai in ce, wannan ban san shi ba, je ki asibiti, ko ki tambayi malamai. Ba na jin kunyar faɗin haka, don ba wanda ya ɗauke ni a bakin komai, malamar firamare ce mai daɗin magana.

Lokacin kullen korona a 2020 mata suka ƙaru sosai, na fara karɓar ɗan kuɗin rajista. A nan ido ya buɗe. Na lura kusan duk masu irin sana'ata, waɗanda ke koyar da gyaran aure da tarbiyya da sanin kai, sun koma Dakta cikin ɗan lokaci, har da yaran da na girme su nesa ba kusa ba. Wata rana aka gayyace mu wani taron mata a wani ɗakin taro a nan Sakkwato. Mai gabatarwa ya kira Dakta wance, ya kira Dakta wance, aka kai su babban teburi. Da ya zo kaina ya ce "sai Malama wance", aka nuna mini kujera a layi na biyu. Rabin matan da ke wurin 'yan zaurena ne. Na koma gida a keke napep ina kuka, maganar ranar saki tana dawo mini sabuwa.

Ba a yi wata biyu ba saƙo ya shigo. Wata cibiya ce, wai reshen wata jami'a ta Amurka mai ofis a Kwatano ta ƙasar Benin, sun ga irin hidimar da nake wa al'umma sun zaɓe ni. Suna da hanya biyu. Akwai digirin girmamawa, ki biya kuɗin riga da ɗakin taro a ba ki. Akwai kuma digirin digirgir "na karatu" a fannin ba da shawara da halayyar ɗan Adam, ya fi tsada, ana yin sa ta intanet cikin 'yan makonni. Na zaɓi na biyu don in iya buɗe baki in ce karantawa na yi. Ba su tambaye ni digirin farko ba, balle na biyu. Sun ce shekarun da na yi ina aiki sun tsaya a madadinsu. Kuɗin ya kusa albashina na shekara guda. Na sayar da sarƙa da 'yan kunnen da suka rage mini na aure, na roƙi uwar adashe ta ba ni kwasar farko.

Karatun bidiyo ne guda takwas da wasu takardu da ake turowa a waya. Ba jarrabawa. Da aka zo kan kundin bincike suka ce in ba ni da lokaci akwai mai rubutawa, in ƙara wani abu. Na ƙara. Aka turo mini shafi ashirin da 'yan kai da sunana a bango, har yau ban karanta shi zuwa ƙarshe ba.

Kada wani ya ce yaudarata aka yi. Ina da ɗan kawu malamin jami'a, Yaya nake ce masa, a gabana ya yi nasa digirin digirgir a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan digiri na farko da na biyu, shekara biyar ya kwashe yana zarya a kan babur, malamin da ke duba shi yana mayar masa da babi ɗaya sau uku sau huɗu, kafin a kawo farfesa daga wata jami'a ya titsiye shi a gaban jama'a. Na san haka ake yi. Da na kai masa katin walima ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Ƙanwata, wa yad duba miki aikin? Wane farfesa anka ɗauko daga waje? Ina digirinki na biyu?" Na ce tsarin ƙasar waje daban ne. Ya ce, "Don Allah ki dakata, ki ba ni sunan makarantar in bincika." Na karɓe katina na fita. Na gaya wa mahaifiyata hassada ce ke cin shi, don yana so ya zama shi kaɗai ne Dakta a dangi. Kusan shekara uku ko gaisuwar kirki ba mu yi ba.

A farkon 2021 aka yi bikin a wani otal a Abuja. Mun kai mu arba'in, da 'yan kasuwa da masu wa'azi da masu irin aikina. Aka sa mana jar riga da hula mai tuntu, aka kira suna, aka ɗauki hoto, kafin la'asar an watse. Da na dawo aka yi walima, na sa kwalin a gilashi na rataye.

Kuɗin ganina ya ninka. Na kama shago na mayar da shi ofis, na sayi fili a wani gidan rediyo duk mako. Amma babban abin da sunan ya canza shi ne irin matsalolin da ake kawo mini. A kunnen Bahaushe, musamman iyayenmu mata, Dakta likita ne. Ba ruwan tsohuwa da bambancin wanda ya karanta aikin likita shekara shida da wanda ya yi digirin digirgir a tarihi, balle wanda ya saya. Sai aka fara zuwa da yaron da ya kai shekara huɗu bai yi magana ba, da saurayin da ya faɗa shan kodin da tiramol, da matar da ta yi wata uku ba barci. Ni kuma na gano bakina ya daina iya furta "ban sani ba". Yaya Dakta za ta ce ba ta sani ba, bayan an biya kuɗi an zauna gabanta ana kallon kwali a bango? Kowace tambaya sai na samo mata amsa. In dare ya yi in duba intanet, da safe in faɗa da murya mai ƙarfi. A Islamiyya an karantar da mu cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Ni a shekara ukun nan ban tuna ranar da na faɗe ta ko sau ɗaya ba.

A azumin 2023, ana tsakiyar zafin Afrilu, wata dattijuwa ta shigo ofis da ɗiyarta. Yarinyar ba ta wuce shekara 19 ba, haihuwar fari, ta zo wanka gida, kwana uku da suna. Ta zauna tana kallon ƙofa, hannunta na rawa. Uwar ta ce tun kwana huɗu da haihuwa ba ta runtsa ba. Tana cewa an musanya mata jariri, tana jin ana kiran sunanta ta taga, ta ƙi kunun kanwa wai an zuba mata wani abu. An yi ruƙiyya ba sauƙi. Sun koma asibitin da ta haihu, wata nas ta ce su wuce Kware a ranar, kada su kwana.

Duk ɗan Sakkwato ya san nauyin wannan kalma. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya ne ke Kware, amma a bakin mutane sunan garin ya zama abin gori. Uwar ta riƙe hannuna ta ce, "Dakta, ki rufa muna asiri. In dangin miji sunka ji an kai ta Kware, aurenta ya ƙare. An ce ke ma likitar wanga ciwo ta."

A raina na san ban taɓa ganin irin wannan ba. Na ji tsoro. Amma ga uwa tana kuka, ga kwali bisa kaina, ga kuɗi ta ajiye a kan teburi. Na ce mata damuwa ce irin ta sabuwar uwa, da gajiya, wataƙila da 'yar matsala tsakaninta da miji. Na ce ba sai an je Kware ba. Na rubuta musu azkar, na ce a ba ta madara da dabino, a rage mata baƙi, a kawo ta zama sau biyu a mako. Uwar ta yi ta sa mini albarka har bakin titi.

Sun zo zama biyu. A na biyun yarinyar ba ta ce uffan ba, sai murmushi take wa bango. Na ce wa uwar alamar natsuwa ce.

Goman ƙarshe ta shiga. Wani dare mutanen gidan suka tafi tahajjud, uwar da ta kwana takwas tana gadi barci ya sace ta. Da ta farka ba yarinya ba jariri. Ƙarfe uku na dare ta kira ni, ihu kawai nake ji. Aka bazu unguwa-unguwa da fitilar waya. Sai bayan asuba masu lambu suka gan ta a fadama wajen Kwalkwalawa, kusa da gulbi, ba takalmi, ƙafafunta sun farfashe, ta ƙanƙame jaririn a ƙirji tana cewa za ta mayar da shi ga masu shi. Allah ya sa da sauran kwanansu su biyun. Jaririn ya galabaita, sai da ya kwana huɗu a asibitin yara. Ita kuma a ranar aka wuce da ita Kware, inda nas ta ce a kai ta tun farko.

Na bi su. Har yau ban san ko tausayi ne ya kai ni ko tsoron abin da za a faɗa a bayana ba. Likitan da ya karɓe ta matashi ne. Uwar ta nuna ni ta ce ga Daktar da ke duba ta. Ya gaishe ni da girmamawa, ya fara yi mini tambayoyi irin na abokin aiki: yaushe alamun suka fara, na tambaya ko akwai mai irin ciwon a dangi, na auna haɗarin da ke kanta da kan jaririn, wane magani na fara ba ta. Rabin kalmomin ban taɓa jin su ba. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Hajiya, a wane fanni kike?" Na ce ba da shawara. Ya gyaɗa kai, ya juya ga uwar, bai ƙara tambayata komai ba.

Ina tsaye ya yi mata bayani da Hausa. Ya ce ciwo ne sananne da ke kama mace ɗaya ko biyu cikin dubu bayan haihuwa, galibi a mako biyun farko. Ba laifin yarinyar ba ne, ba kuma rashin son ɗanta ba ne. Yana cikin ciwukan da ba a kwana da su a gida, amma yana jin magani, mafi yawa suna warkewa su koma gidajensu. A barandar asibitin uwar ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ke kinka ce kada mu kawo ta."

Zan so in ce a ranar na sauke kwalin. Ban sauke ba. Na yi mako biyu ban fita ba, na ce wa mutane zazzaɓi nake, bayan Sallah na koma ofis. Abin da na canza kawai, in aka kawo mai ciwo mai nauyi sai in ce layi ya cika. Na lallashi kaina da cewa kuskure ne, likitocin asibiti ma suna yi. Wata takwas na yi a haka, ina shiga rediyo ana ce mini Dakta ina amsawa, dare kuma in kwana ina ganin ƙafafun yarinyar nan.

A ƙarshen Disamba 2023 jaridar Daily Nigerian ta fitar da binciken ɗan jarida Umar Audu, wanda ya ɓad da kama ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Kwana kaɗan bayan haka, a farkon Janairu 2024, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Daga baya ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ke yawo da irin waɗannan takardu. Ko'ina maganar ake, a rediyo, a ɗakin malamai, a gidan biki. Ina jin mutane suna tsine wa masu digirin bogi, wasu a gabana, suna gamawa su ce, "Ko ba haka ba, Dakta?"

Wani dare na ɗauki kwalin na tafi gidan Yaya. Bai ce mini "ai na gaya miki" ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini jerin jami'o'in da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da su, cibiyar da ta ba ni takarda ba ta ciki. Ya nemi uwar jami'ar a cikin waɗanda aka tantance a Amurka, babu ita. Ya sa adireshin da ke jikin kwalin a taswira, sai ga wani shago da ke ba da hayar akwatin wasiƙa. Duka binciken bai kai minti ashirin ba. Shi ne kuma ya gaya mini cewa tun Janairu 2023 shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Wata uku ke nan kafin a kawo mini yarinyar, ni mai kiran kaina masaniyar fannin ko labarinta ban ji ba.

Washegari na je wurin wani malami da mahaifina ke ɗaukar karatu gare shi, na faɗa masa komai. Ya karanto mini hadisin da ke cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi ke da lamunin abin da ya faru. Ya ce tuba tsakanina da Allah abu ɗaya ne, haƙƙin mutane kuma sai na bi su. Ya ce inda na yi shelar sunan, nan zan yi shelar ajiye shi.

Na yi saƙon murya na minti bakwai na tura duka zaurukana. Na ce takardata saye na yi, NCE kaɗai gare ni, ni ba likita ba ce, duk wadda na taɓa ba shawara kan rashin barci ko shaye-shaye ko ciwon yaro ta yi wa Allah ta je asibiti. Kafin magariba sama da rabi sun fita. Wasu sun zage ni, kuma suna da gaskiya. Waɗanda suka fi ɗaga mini hankali abokan sana'a ne. Uku suka kira a ranar, ba wadda ta tambayi lafiyar yarinyar. Ɗaya ta ce in goge saƙon ina ɓata musu kasuwa. Ɗaya ta ce ai nata na girmamawa ne, ba ta yi ƙarya ba. Na ce mata in tsohuwa ta shigo da ɗanta marar lafiya tana ce miki Dakta, kina tsayar da ita ki ce na girmamawa ne? Ta kashe wayar. Ban ce duk mai ba da shawara macuci ne ba, na san mata da yawa da Allah ya ba su baiwar sulhu, kuma al'umma na bukatarsu, don likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai ko kusa da yawan masu neman su ba. Amma wannan ƙarancin shi ya sa sunan ke da haɗari. Mai ciwo sau ɗaya danginsa ke tara kuɗi da ƙarfin hali su fito da shi, in suka faɗa hannun irina, wannan fitar ta tafi a banza.

Na rufe ofis, na sayar da kujeru da teburi, na mayar wa waɗanda na iya tunawa kuɗinsu. Akwai da yawa da ban san inda suke ba. Yaron nan da bai magana, shekara guda uwarsa ta yi tana kawo shi wurina, na neme ta lambarta ba ta shiga.

Gidan dattijuwar sai da na je sau uku. Na farko ba a ba ni tabarma ba. Na biyu ta karɓi kuɗinta ta shige ɗaki. Na uku ne ta zauna, ta gaya mini yarinyar ta yi mako shida a asibiti, ta warware, tana zuwa ganin likita tana shan maganinta, ta koma ɗakinta bayan wata biyar. Dangin mijin sun ji komai, tunda rabin gari ya fita nemanta a daren, kuma har yanzu akwai masu yi mata gori. Ta ce, "Na yahe miki nawa. Nata kuwa sai ki tambaye ta, amma ba yanzu ba." Har yau ba a ce in zo ba, ni kuma ban matsa ba.

Na koma aji, ina koyar da 'yan aji huɗu. Na kuma shiga karatun digiri na farko a fannin ilimi, ina aji biyu, ina zama da yaran da na haifi kamarsu. Zangon da ya wuce na faɗi darasi ɗaya, zan sake shi. Zaure ɗaya ya rage mini, mata ba su kai 60 ba, ba na karɓar ko sisi.

Makon jiya a Sabuwar Kasuwa ina cinikin atamfa, wata mata ta dafa ni ta ce, "Dakta, Allah ya haɗa mu." Ta ja ni gefe ta fara ba ni labarin ɗanta ɗan shekara 22, ya daina barci, yana magana shi kaɗai, ya ce maƙwabta na bibiyarsa. Na ce, "Hajiya, ni ba Dakta ba ce, kuma wannan ciwon ban san shi ba. Kware za ki kai shi." Fuskarta ta canza, ta ce mahaifinsa ba zai yarda ba, me mutane za su ce. Na ce in ta shirya ni zan raka su, na san hanya, na san inda ake yankar kati. Ta karɓi lambata, ni ma na karɓi tata. Yau kwana biyar ba ta kira ba. In na taso makaranta gobe zan kira ta.